Iskar Taya a Lokacin Ɗari: Motar Ƙauye Ita Ce Motar Asibiti

A yawancin ƙauyukanmu na Jazira da bakin Nilu babu motar ɗaukar marasa lafiya. In naƙuda ta yi wa mace gardama cikin dare, ko haƙarƙarin yaro ya tashi, ko wuta ta ƙona wani wajen jin ɗumi, boksin maƙwabci ko raksha ake nema. Daga Mai Wurno zuwa Sinnar tafiya ce kaɗan, amma daga Sinnar zuwa Madani kimanin kilomita 100 ne. Duk wannan tafiya a kan tayoyi ake yinta, abin da ke riƙe da taya kuwa iska ce. Saboda haka muka sa wannan magana cikin littattafan kiwon lafiya.

Me sanyi yake yi wa taya?

Iska in ta ji zafi tana kumbura, in ta ji sanyi tana tsukewa. Haka take yi a cikin taya ko da babu huji. Ana auna ƙarfinta da lambar da ke jikin ma'auni, wadda ake rubutawa PSI. Duk lokacin da zafin gari ya ragu da digiri 5 ko 6, taya tana rasa kusan lamba 1. Ban da wannan, lafiyayyar taya ma tana sulalar da kusan lamba 1 kowane wata.

Ɗarinmu ba irin na ƙasashen ƙanƙara ba ne, amma yana da tasa matsala. A Madani cikin watan Janairu, da asuba sanyi yakan sauka kusa da digiri 14, da azahar kuma zafi ya hau kusa da 33. Wato a yini ɗaya taya ɗaya tana iya nuna lamba biyu dabam, bambancin ya kai 3. Tafiya a kan kwalta kuma tana ƙara mata kamar 4.

Ga misali. Direba ya taso daga Sinja da rana tsaka, ya tsaya wurin mai banshar, aka cika masa taya zuwa 32. A ganinsa ya gama. Amma tayar tana da zafi a lokacin. In ta kwana ta huce, yana iya wayi gari da 25 ko 26. Da irin wannan taya ne zai ɗauki mara lafiya in an buga masa ƙofa da asuba.

Ina haɗarin yake?

Taya mai ƙarancin iska tana lanƙwasa a gefe duk juyin da ta yi. Lanƙwasar nan tana haifar da zafi a cikin roba, zafin kuma yana raba robar da wayoyin da ke cikinta. Da safe a kan hanyar gona ba za a ga kome ba. Sai an hau kwalta, rana ta ɗaga, an ƙara gudu da kaya a baya, sa'an nan ta fashe. In ta gaba ce, sitiyari yakan ƙwace daga hannun direba. A cikin Jazira hanyoyi da yawa suna bin gaɓar magudanan ruwan noma, ƙwacewar sitiyari a irin wannan wuri ba ƙaramin abu ba ne.

Ɗari kuma ya zo daidai da kaka da tsinkar auduga, lokacin da ake lafta wa mota buhunan dawa da mutane a bisa. Kaya mai yawa a kan taya mara iska, kamar ɗora wa mai zazzaɓi buhu ne. Ko ba ta fashe ba, birki ba ya kamawa da wuri, mai yana ƙonewa da yawa, gefen taya yana cinyewa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa haɗarin hanya yana kashe mutum kimanin miliyan 1.19 kowace shekara, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi. Karaya da raunin kai suna da wuyar magani da tsada. Iska kuwa kuɗinta kaɗan ne.

Wace lamba ce daidai?

Lambar da masu ƙera motar suka faɗa, ita ce daidai, ko da ɗari ko da bazara. Tana rubuce a wata takarda da ke manne a bakin ƙofar direba, ko cikin littafin motar. Ƙananan motoci yawanci tsakanin 30 da 35 suke. Boksi yakan sami lamba biyu, ta lokacin da ba kaya da ta lokacin da aka yi lodi, tayoyin baya su ne suke bukatar ƙari.

Kada a bi lambar da ke rubuce a jikin taya. Wannan iyakar abin da za ta iya ɗauka ke nan. In an cika ta haka, tsakiyarta kaɗai ke taɓa ƙasa, mota ta riƙa tsalle a kan busasshiyar laka, mara lafiya da ke kwance a baya ya sha wuya.

Abin da direba zai yi

1. Ka sayi ƙaramin ma'auni ka ajiye a mota. Ido ba ya auna iska, shuri da ƙafa ma haka. Taya tana iya rasa lamba 6 ba ta nuna ba.

2. Ka auna da sassafe kafin mota ta motsa, ko bayan ta tsaya awa 3 a inuwa.

3. Ka auna aƙalla sau ɗaya a wata, da farkon shigowar sanyi a watan Nuwamba ko Disamba, da kuma kafin kowace doguwar tafiya.

4. In wurin mai banshar yana da nisa, ka auna a gida, ka riƙe yawan abin da ya ragu. In 5 ta ragu, ka sa ya ƙara 5 a kan abin da ma'auninsa ya nuna. Washegari da safe ka sake dubawa.

5. In ka auna da rana ka ga lamba ta hau, kada ka sace iskar. Masu ƙera mota sun san da wannan hawa.

6. In ka rage iska domin ketare yashi ko taɓo, ka mayar da ita kafin ka hau kwalta.

7. Kada ka manta da safaya. Ita ma tana jin sanyi.

8. In taya ɗaya tana raguwa fiye da 'yan'uwanta, ba sanyi ba ne. Ƙaya ce, ko ƙusa, ko bawul. A gyara ta yau.

Haka ma masu babur da raksha za su yi, sai dai kowa ya bi lambar abin hawansa.

Aikin jama'a

Wannan ba aikin direba kaɗai ba ne. Dattawan unguwa, da shugabannin ikilisiya da na masallaci, da ƙungiyoyin mata, su san motar da ake dogara gare ta da dare. A haɗa kuɗi a sayi ma'auni da famfon ƙafa, a ajiye a gidan da kowa ya sani. Maigidan da matarsa ta shiga watan haihuwa ya je wurin direba tun da rana, ya ce, “Malam, don Allah a duba iska da mai, watan nan namu ne.” Ba raini ba ne, rigakafi ne, ya kuwa fi magani.

Rai na Allah ne, amma ya ba mu amanar kiyaye shi. Allah ya kai mu lafiya, ya komo da mu lafiya.