BABI NA UKU: MA'ANAR JARABAR KALLON BATSA DA ILLOLINTA A YANKIN BAGUDO DA KAN IYAKAR BENIN

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bitar ayyukan da suka danganci wannan bincike. Wannan babi kuwa zai mayar da hankali ne a kan bayanin ma'anar jarabar kallon batsa, da yadda take kama mutum, da hanyoyin da batsar ke bi ta isa hannun jama'a a ƙasar Bagudo, sannan a dubi illolinta. Manufar babin ita ce a nuna cewa ma'aunin jaraba shi ne kuɓucewar linzami daga hannun mai kallo, kuma a yanki irin wannan ɓoyon da kunya ke haddasawa shi ke ƙara wa matsalar ƙarfi.

3.1 Taƙaitaccen Bayani a Kan Yankin

Ƙaramar Hukumar Bagudo tana kudu maso yammacin Jihar Kabi, jihar da aka cire daga tsohuwar Jihar Sakkwato a ranar 27 ga Agusta, 1991. Tana ƙarƙashin Masarautar Gwandu, kuma kogin Kwara ya ratsa ta. Daga cikin manyan garuruwanta akwai Bagudo da Ka'oje da Illo da Zagga da Lolo da Tsamiya. Ta yamma ta yi iyaka da Jamhuriyar Benin, inda hanyar Tsamiya ke ɓullewa Segbana, ta Lolo kuma ta nufi ɓangaren Malanbil, garin da ya shahara da babbar kasuwarsa. Noma da su da kiwo da fatauci su ne manyan sana'o'in jama'a. Akwai dangantakar jini da auratayya da cinikayya tsakanin mutanen ɓangarorin biyu tun kafin Turawan Ingila da na Faransa su shata iyakar. Saboda haka zirga-zirgar mutane da kaya abu ne na yau da kullum.

3.2 Ma'anar Jarabar Kallon Batsa

A Hausa, batsa tana nufin duk wata magana ko hoto ko aiki da ke bayyana al'aura ko saduwa a fili ba tare da sakayawa ba. Jaraba kuwa ita ce tsananin kwaɗayin abu har mutum ya kasa haƙura da shi. Idan aka haɗa kalmomin biyu, ana nufin halin da mutum ke ta maimaita kallon hotuna ko fina-finan batsa, yana son bari amma ya kasa, alhali yana ganin ɓarnar da abin ke yi masa.

Masana sun daɗe suna ja-in-ja a kan matsayin wannan hali. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ba ta sanya shi cikin jerin cututtuka ba a kundinta na shekarar 2013. Ita kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya, a kundinta na 11 na rabe-raben cututtuka, wanda aka amince da shi a 2019 ya kuma soma aiki a Janairun 2022, ta shigar da matsalar kasa mallakar kai a sha'anin jima'i a ƙarƙashin lamba 6C72, kuma kallon batsa na daga cikin fuskokin da matsalar ke bayyana. Hukumar ta ajiye ta ne a rukunin matsalolin kasa danne zuciya, daban da rukunin shaye-shaye da caca. Alamominta sun haɗa da waɗannan:

(a) abin ya mamaye rayuwar mutum har ya yi sakaci da lafiyarsa da sana'arsa da haƙƙoƙin da ke kansa;
(b) ya sha yunƙurin ragewa ko bari bai yi nasara ba;
(c) ya ci gaba da yi duk da cutarwar da yake gani;
(d) ya ci gaba da yi ko da ya daina jin daɗin abin.

Har wa yau, sai halin ya ɗauki tsawon lokaci, kamar wata 6 ko fiye, tare da kawo damuwa mai tsanani ko cikas ga rayuwa.

Akwai wani sharaɗi da ya kamata a lura da shi ƙwarai a al'ummar Musulmi irin ta Bagudo. Hukumar ta ce damuwar da ta samo asali kacokan daga ganin abin a matsayin laifi ba ta isa a ce mutum yana da wannan lalura ba. Grubbs da Perry (2019) sun bayyana cewa mai riƙo da addini yakan kira kansa kamamme ko da kallon nasa jefi-jefi ne, saboda saɓanin da ke tsakanin aƙidarsa da aikinsa. Bisa ga wannan, ana iya kasa masu kallo gida uku: wanda ya ci karo da abin ya wuce, da wanda yake yi nadama na cin sa amma yana iya bari, da wanda linzami ya kuɓuce masa. A fuskar shari'ar Musulunci kallon haramun ne ga dukkansu, domin umurnin runtse ido da ke cikin Suratun Nur, aya ta 30 da 31, ya hau kan maza da mata. A fuskar lafiya kuwa na ukun ne ke buƙatar magani bayan nasiha.

3.3 Yadda Jarabar Ke Kama Mutum

Bahaushe ya ce sabo turken wawa. Binciken ƙwaƙwalwa ya yi ƙarin haske a kan yadda ake kafa wannan turke. Akwai wani sinadari mai suna dofamin da ke zaburar da mutum neman abin da ya taɓa jin daɗinsa. Robinson da Berridge (1993) sun nuna cewa kwaɗayin abu daban yake da jin daɗinsa, kuma da yawan maimaici kwaɗayin yana iya hauhawa alhali daɗin yana nan yadda yake ko ma ya ragu. Sun gina ra'ayin ne a kan shaye-shaye, amma daga baya aka gwada shi a kan batsa. A Jami'ar Kambirij ta Ingila, Voon da abokan aikinta (2014) sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar maza 19 masu wannan matsala, suka ga sassan da ke kula da kwaɗayi sun fi motsawa a lokacin kallo idan aka kwatanta da na sauran mutane. A shekarar kuma Kühn da Gallinat suka auna maza 64 a Jamus, suka ga dangantaka tsakanin yawan sa'o'in kallo da ƙanƙantar wani sashe na ƙwaƙwalwa. Su da kansu sun ja kunne cewa binciken bai tantance wanne ne ya haifar da wanne ba.

A aikace, abin yakan zama zagaye ne. Mutum zai ji kaɗaici ko ɓacin rai ko rashin abin yi, sai ya ɗauki waya ya kalla, ya sami ɗan sauƙi. Bayan haka sai kunya da nadama su rufe shi. Da yake ba abin da zai iya gaya wa kowa ba ne, nadamar sai ta zame masa sabon ɓacin rai, ya sake komawa ga wayar. A nan ne kunya, wadda take garkuwa a tarbiyyar Hausa, ke juyewa ta zama mafakar ciwon.

Dangane da yawan masu matsalar, Bőthe da abokan aikinta (2024) sun tambayi mutane fiye da 82,000 a ƙasashe 42, suka sami tsakanin kashi 3.2 zuwa 16.6 cikin ɗari, gwargwadon ma'aunin da aka yi amfani da shi. Daga cikin waɗanda abin ya shafa, kashi 4 zuwa 10 cikin ɗari ne kawai suka taɓa neman magani.

3.4 Hanyoyin Yaɗuwar Batsa a Yankin Kan Iyaka

Cooper (1998) ya kawo dalilai uku da suka sa intanet ta haɓaka kallon batsa, wato sauƙin samu da araha da ɓoyuwa. Idan aka dubi tarihin kayan kallo a ƙasar Hausa za a ga yadda ukun suka haɗu sannu a hankali. A zamanin kaset ɗin bidiyo, mai son kallo sai ya tanadi talabijin da injin bidiyo da janareta da ɗakin da zai kulle, ga kuma fargabar mai hayar kaset ya san shi. Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, daga bisani aka sami wayoyi masu ɗaukar memori da tura hoto ta Bluetooth. A 2007 wani hoton bidiyo na sirri da aka ɗauka da waya ya bazu a Kano, abin da ya sa aka dakatar da shirya fina-finai na wasu watanni, Hukumar Tace Fina-finai ta jihar kuma ta tsaurara dokokinta. Wannan mataki ya shafi masu sana'ar fim da 'yan kasuwa, amma hoton ya ci gaba da yawo daga waya zuwa waya.

Wannan darasi ya fi fitowa fili a kan iyaka. A watan Agustan 2019 Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakokin ƙasa na tudu, ba a soma buɗe wasu ba sai a Disamban 2020. Jami'in kwastan yana iya tare buhun shinkafa ko jarkar mai, amma memorin da bai kai faɗin farce ba yana ɗaukar fina-finai masu yawa a cikin aljihu. Haka kuma ƙarancin sabis a ƙauye ba kariya ba ne, tun da ana tura fim daga waya zuwa waya ba tare da intanet ba, a shagon caji ko a tasha ko a kasuwa. Ga kuma yanayin sana'ar fatauci: direba da yaron mota da ɗan acaɓa da ɗan ci-rani sukan yi kwanaki nesa da iyali, a garin da ba a san su ba, suna zaman jiran lodi ko izinin wucewa. Ba a nufin cewa Benin ce tushen abin, domin mafi yawan batsar ana shirya ta ne a ƙasashe masu nisa, kuma tana ƙetare iyakar ta kowane ɓangare.

3.5 Illolin Jarabar

Illa ta farko a kan mai kallon take. Yakan raba dare a kan waya, ya makara sallar asuba, ya isa gona ko makaranta a gajiye. Kuɗin da ya kamata su shiga cefane sai su tafi ga sayen data. Bincike ya nuna matsalar tana yawan tafiya tare da baƙin ciki da fargaba, kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa. Batun raunin mazakuta kuwa, wanda masu tallar maganin gargajiya ke yawan kururutawa, sakamakon bincike a kansa ya saɓa wa juna, don haka bai kamata a ɗauke shi tabbataccen hukunci ba.

Illa ta biyu a kan aure take. Abin da ake nunawa a fim shiri ne na 'yan wasa, amma mai jaraba yakan mayar da shi ma'aunin da zai gwada matarsa. Daga nan sai raini ko ƙauracewa ko neman abin da matar ba ta yarda da shi ba. Ranar da ta gano abin da ke cikin wayar, amana takan rushe, kuma da yake magana ce mai nauyi a baki, sai a kai ƙara gaban iyaye ko alƙali da sunan wani dalili daban, a yi sulhu a bar tushen rigimar.

Illa ta uku ta shafi yara. A gidaje da dama waya ɗaya ce ke zagayawa tsakanin uba da uwa da 'ya'ya, saboda haka abin da babba ya adana yaro yana iya buɗe shi. Illa ta huɗu ta shari'a ce. Sashe na 23 na Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015 ya haramta shiryawa da rarrabawa da mallakar batsar da ta ƙunshi ƙananan yara, kuma wanda ya tura ta ko ya ajiye ta a wayarsa ya shiga cikin laifin.

3.6 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa jarabar kallon batsa tana da alamomi sanannu, kuma ta bambanta da nadamar da mai imani ke ji bayan ya yi kuskure. An ga kuma cewa shingen kan iyaka da dokar tace fina-finai ba su isa su tare abin da ke cikin aljihu ba. Abin ƙarfafa guiwa shi ne lalurar tana jin magani. Crosby da Twohig (2016) sun gwada maganin tattaunawa na zama 12 a kan maza 28 a Amurka, kusan dukkansu masu riƙo da addini, aka sami raguwar kallo da kashi 93 cikin ɗari, ko da yake adadin mutanen kaɗan ne. Ga mutumin Bagudo, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a Jihar Sakkwato tafiya ce mai nisa, don haka malamin unguwa da ma'aikacin lafiya na ƙaramin asibiti su ne mafi kusa da shi. Idan suka iya rarrabe mai buƙatar nasiha da mai buƙatar magani, suka kuma riƙe sirrin wanda ya zo musu, za a sami masu fitowa su faɗi damuwarsu. Babi na gaba zai duba rawar da iyaye da malamai da sarakunan gargajiya za su iya takawa a wannan fage.