Littafin adireshin intanet da masu kula da shi



Duk wanda ya taɓa sauka a unguwar Misfala, kudu da Masallacin Harami a Makka, ya san yadda Hausa ke tashi a titin Ibrahim Khalil kamar a kasuwar Kwari. Ya kuma san cewa a yau alhaji ba ya rabuwa da wayarsa: da ita yake neman izinin shiga Rauda ta manhajar Nusuk, da ita yake gaisawa da iyali ta WhatsApp. To amma kafin wayar ta kai ka ko'ina, sai ta yi tambaya tukuna.

Ita kwamfuta ba ta san suna ba, lamba ta sani. Idan ka rubuta nusuk.sa, wayarka za ta tambayi wani tsari da ake kira DNS, wanda Paul Mockapetris ya ƙirƙiro a Amurka a 1983, shi kuma ya ba ta lambar na'urar da shafin yake. Wato dai littafin adireshi ne. Layi guda ya goge, shafin yana nan lafiya lau, amma babu mai iya zuwa wurinsa.

An ga irin haka ranar 4 ga Oktoban 2021, bayan magariba agogon Makka. Wani umarni da aka bayar bisa kuskure lokacin gyara ya katse hanyoyin Facebook, na'urorinsa na DNS suka ɓace daga intanet, WhatsApp da Instagram suka yi tsit kusan sa'o'i 6.

A da, ma'aikaci kan buɗe shafin kamfanin da ke ajiye masa adireshin, ya sauya lamba da hannu. Wa ya sauya? Yaushe? Me ke wurin kafin nan? Sau da yawa oho. Shi ya sa injiniyoyi suka koma rubuta dukkan layukan a fayil guda, su miƙa wa manhaja irin Terraform, wadda ta fito a 2014, ko octoDNS ta kamfanin GitHub. Manhajar za ta gwada abin da ke fayil da abin da ke aiki a zahiri, ta ce: zan ƙara kaza, zan goge kaza, ka yarda? Abokin aiki ya duba ya sa hannu, sannan a zartar. In an yi ɓarna, tsohon rubutun na ajiye, sai a dawo da shi. Sai dai fa gyaran ba ya isa ko'ina nan take, domin kowane layi na da wa'adin da sauran na'urori ke riƙe tsohuwar amsa.

A ganinmu wannan duban na mutum na biyu shi ne babbar ribar tsarin, domin ita manhaja ba ta da shakka, abin da ta samu shi take zartarwa. A Oktoban 2025, a cibiyar Amazon da ke Bajiniya, wasu manhajoji biyu masu sabunta DNS da kansu suka yi karo, suka bar adireshin rumbun DynamoDB fayau babu lamba. Snapchat da ɗimbin shafuka suka tsaya, kuma tsarin ya kasa gyara kansa, sai da injiniyoyi suka mayar da lambobin da hannu.