Kafin Ka Yarda da Zanen Ƙididdiga, Duba Gindinsa

Ɗalibai da yawa da sun ji an ce ƙididdiga a darasin lissafi sai gabansu ya faɗi, alhali babu ɓangaren lissafin da ya fi ta kusa da rayuwar yau da kullum. Mai shago da ke rubuta cinikin kowace rana, da malamin da ke tattara makin jarrabawa, duk ƙididdiga suke yi. Abin da makaranta ta ƙara shi ne dabarar dunƙule tarin alƙaluma a adadi guda ko zane guda. Wajen dunƙulewar nan ake samun amfani, nan ne kuma ake yi wa mutane rufa-ido.

Mu fara da matsakaici, wanda kowa ke ganin ya iya. A ce masu sana'a biyar ne a layi ɗaya, ribarsu ta yini ita ce naira 2,000, da 2,500, da 3,000, da 3,000, sai na biyar, babban dila, mai naira 39,500. In an haɗa an sami 50,000, a raba gida biyar, matsakaici ya zama naira 10,000. Lissafi ya yi daidai, malami zai ba da maki. Amma je ka gaya wa mutum huɗun farko cewa ribar ɗan layinsu dubu goma ce a yini, ka ji abin da za su ce maka. Mutum guda ne ya ja adadin sama.

Shi ya sa ake koyar da wasu ma'aunai biyu tare da shi. Na farko adadin tsakiya: a jera alƙaluman daga ƙarami zuwa babba, a ɗauki wanda ya faɗo tsakiya, a nan 3,000 ke nan. In yawansu ya rabu biyu daidai, kamar shida ko takwas, sai a haɗa biyun tsakiya a raba biyu. Kuskuren da ya fi cinye wa ɗalibai maki shi ne mantawa da jerawar, su cafko duk abin da suka gani a tsakiyar layi. Na biyu shi ne adadin da ya fi maimaituwa, shi ma 3,000 ne a misalinmu. Mai sayar da takalma wannan ya fi buƙata, don lambar da aka fi saye zai saro. A ganina, duk inda ake maganar albashi ko kuɗin shiga, adadin tsakiya ya fi faɗin gaskiya, saboda 'yan tsirarun masu hannu da shuni ba sa iya karkatar da shi. Akwai kuma tazara, wato a cire ƙarami daga babba. A nan ta kai 37,500, kuma girmanta kaɗai ya isa ya sa mutum ya yi wa matsakaicin kallo na biyu.

Zanen ƙididdiga bai tsufa kamar yadda ake zato ba. Wani ɗan Sikotilan, William Playfair, shi ya fito da zanen sanduna a littafinsa na 1786, ya biyo da zanen da'ira a 1801. A 1858 Florence Nightingale ta yi amfani da zane ta nuna wa mahukuntan Ingila cewa a yaƙin Kirimiya cututtuka sun fi raunukan fagen daga kashe sojojinsu. Abin da dogon rahoto zai sha wuyar isarwa, ido ya gani nan take.

To, saurin da ido ke yi shi ne matsalar. Ɗauki makarantu biyu, ɗaya ɗalibanta 92 suka ci jarrabawa, ɗaya 96. In layin tsaye na zanen ya fara daga sifili, sandunan biyu kusan kai ɗaya ne. In aka faro shi daga 90, sandar farko za ta hau mataki biyu, ta biyu mataki shida, sai ta ninka 'yar'uwarta sau uku a tsawo. Bambancin yara huɗu ne kacal. Ba a yi ƙarya ko ɗaya ba, an dai datse gindin zanen. Masu talla da 'yan siyasa sun san wannan sarai. Don haka a fara karanta kan zanen, a ga me aka ƙirga, a duba layin kwance da na tsaye, a tabbatar ko alƙaluman na ɗaiɗai ne ko na dubbai ko na miliyoyi, a ga nawa kowane mataki ke wakilta. Tsawon sanda shi ne abin dubawa na ƙarshe.

Zanen da'ira ba shi da wuya. Da'irar duka digiri 360 ce, ana yanka ta kamar kankana. Aji mai ɗalibai 40, goma daga ciki sun zaɓi darasin Hausa, rabonsu kashi ɗaya cikin huɗu ke nan, digiri 90. In ka gama, haɗa yankunan duka. Ba su ba da 360 ba, akwai inda ka kauce.

Zanen layi kuwa na bin sauyi ne a kan lokaci, kuma shi ya fi rikita manya. Idan Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta ragu, layin ya sunkuyo, sai a ji mutane na cewa ai su ba su gani a kasuwa ba. Ba za su gani ba. Kayan naira 1,000 da ya tashi da kashi 30 cikin ɗari ya koma 1,300. Shekara ta zagayo ya tashi da kashi 20, ya zama 1,560. Hauhawar ta sauko daga 30 zuwa 20, farashin kuwa hawa ya ci gaba da yi, gudunsa ne kawai ya ragu.

Iyaye, ko ba ku yi nisa a boko ba, kuna iya taimakawa. In yaro ya kawo aikin gida mai zane, kada ku tambaye shi amsa. Ku ce ya bayyana muku da Hausa me aka ƙirga, kuma daga nawa layin tsaye ya fara. In ya kasa, ku sa shi ya koma kan zanen kafin ya taɓa biro.