Yadda Shingayen Ƙarfe Ke Sarrafa Zafi A Cikin Bututun Matatun Mai

Kafin ɗanyen mai ya isa tanderu a matata irin ta Kaduna ko ta Dangote da ke Lekki, sai an ɗumama shi da zafin man da aka riga aka tace. Ana yin haka ne a na'urar musayar zafi, wato doguwar gangar ƙarfe mai ɗauke da ɗaruruwan siraran bututai. Ruwa ɗaya na bi ta cikin bututan, ɗayan na gudana a jikinsu ta waje, zafi yana ratsa ƙarfen ba tare da sun gauraya ba.

Da za a bar ruwan waje ya miƙe salin-alin, zafin da zai ɗauka kaɗan ne, domin wanda ke manne da jikin bututu kusan a tsaye yake, sai ya zama kamar bargo. Shi ya sa ake jera farantan ƙarfe a cikin gangar a matsayin shingaye. Kowanne ana yanke masa gefe, galibi kashi 20 zuwa 35 cikin 100 na faɗin gangar, a bar ƙofar wannan a sama, ta na gaba a ƙasa. Dole ruwan ya riƙa hawa da sauka yana gitta bututan, yana yaye wancan bargo. Shingayen kuma suna tallafe bututan don kada su lanƙwashe ko su yi ta karkarwa har su tsage.

Wuyar aikin tana ga tazarar da ke tsakaninsu. A lissafi, idan aka rage ta da rabi, gudun ruwan kan ninka, ɗaukar zafi a ɓangaren gangar ta ƙaru da kusan rabi, amma matsin da famfo zai yi fama da shi yana iya ninkawa sau bakwai ko takwas. Riba ce mai tsada, kuma wutar lantarki ce ke biyanta dare da rana. Saboda haka ƙa'idar masana'antu ba ta yarda tazarar ta gaza kashi ɗaya cikin biyar na faɗin gangar ba. Idan kuwa ta yi yawa, ko yankan ya wuce kima, ruwa kan kwanta a bayan shinge, datti ya taru, har a tsayar da aiki don wanki.

Wannan ne ya sa aka nemi wasu hanyoyi. A shekarun 1970 kamfanin Phillips Petroleum na Amurka ya ɓullo da sandunan ƙarfe a madadin faranti, domin magance karkarwa. Daga baya aka samar da shingaye masu karkata, waɗanda ke murɗa ruwan kamar tufkar igiya, su rage lungunan da yake kwanciya, sai dai ƙera su ya fi wuya da tsada.