Mu Duba Itatuwanmu Kafin Hadari Ya Taso

Kowa ya san amfanin inuwa a Wudil. Ran Juma'a, masu shanu da masu saye duk a gindin darbejiya suke fakewa, haka kuma matafiya da ke jiran mota a bakin hanyar Kano zuwa Maiduguri. Amma itacen da ya ruɓe daga ciki, inuwarsa tarko ce. Iskar da ke zuwa da ruwan farko, wajen Mayu da Yuni, ita ce ke karya reshe a kan rumfa, ko wayar lantarki, ko yaran da ke wasa.

Itace yakan kamu da ciwo kamar dabba. Darbejiya da aka shigo da ita Barno a 1928 an ɗauka ba abin da ke taɓa ta, sai ga shi a shekarun 1980 wasu ƙananan ƙwari masu tsotsar ruwan ganye sun yi mata ɓarna a kewayen Tafkin Chadi. A Ingila kuwa, wata cuta ta kashe itatuwan elm fiye da miliyan 25 daga ƙarshen shekarun 1960.

Sau da yawa mu ne muke buɗe wa ciwon ƙofa. Muna ƙona shara a gindin itace. Muna sassaƙe ɓawon maɗaci domin magani har mu zagaye shi, alhali ta cikin ɓawon nan abinci ke sauka zuwa saiwa. Muna datse saiwa garin haƙa kwata ko harsashin gini. Ta wurin raunin nan ruɓa ke shiga, gara kuma ta biyo baya.

Ga alamun da za mu duba:

1. Busassun rassa a sama, alhali sauran itacen yana da ganye.
2. Kogo, ko hanyar gara, ko naman kaza a gindi. A ƙwanƙwasa da ƙotar gatari; in ya yi amo kamar ganga, cikinsa ya cinye.
3. Tsaguwa a inda manyan rassa biyu suka rabu.
4. Itacen da ya soma karkata, ƙasa kuma ta ɗaga a ɗaya gefen.
5. Kauci mai yawa, gama yana shanye ruwan reshe har reshen ya mutu.

In reshe ɗaya ne ya lalace, ba sai an kayar da itacen ba. A sare shi da rani. A fara yi masa sara daga ƙasa, sa'an nan a yanke daga sama, domin kada nauyinsa ya yage ɓawon uwar. A ƙarshe a gyara kututturen kusa da jiki, kada a bar dogon guntu da zai ruɓe. Reshen da ke da kauci a yanke shi kamu ɗaya ƙasa da inda kaucin ya kama.

Itacen bakin hanya ko na kasuwa ba na mutum ɗaya ba ne. A sanar da mai unguwa, shi kuma ya kai magana ga malamin daji na ƙaramar hukuma. Wanda ya taɓa waya, kada kowa ya hau shi sai ma'aikatan lantarki sun kashe wuta. Ranar aiki kuma a kori yara da dabbobi nesa, a ɗaure reshen da igiya.

In dole ta sa aka kayar da itace, a dasa biyu a madadinsa da zarar ruwa ya zauna, a yi musu shinge saboda awaki. Mu zagaya unguwarmu a wannan mako, tun sama ba ta haɗa ba.