Ƙwayar Boron: Uwargida, Kada Ki Yi Gaggawar Saye

A makon nan za mu duba wani sinadari da ake kira boron, wanda ake sayarwa a cikin kwalabe, ana cewa yana ƙarfafa ƙashi, yana kuma maganin ciwon gaɓoɓi.

Shi dai boron a cikin ƙasa yake, tsirrai kuwa suna zuƙo shi ta saiwarsu. 'Yan makaranta, ku riƙe wannan: mace ce, wata Baturiyar Ingila mai suna Katherine Warington, ta tabbatar a shekarar 1923 cewa shukar wake ba ta girma sosai in babu shi.

To, ina amfaninsa ga ɗan Adam? A 1987 wani masani a Amurka, Forrest Nielsen, ya yi gwaji da mata 12 waɗanda suka daina jinin al'ada. Da farko an ba su abinci mai ƙarancin boron, daga baya aka ƙara musu miligiram 3 kullum. Sai aka ga kalsiyam ɗin da ke fita ta fitsarinsu ya ragu, shi kuwa kalsiyam shi ne ginshiƙin ƙashi. Masu talla suna yawan kafa hujja da wannan gwaji. Amma fa mata 12 ba su kai yawan 'yan biki ɗaya ba, kuma waɗannan an fara hana su sinadarin ne kafin a ba su. Har yanzu likitoci ba su sa boron cikin abubuwan da jiki ba ya iya yi sai da su ba, ba su kuma yanka adadin da dole a ci kullum ba.

Abin da aka yanka shi ne iyaka. A Amurka an ce kada babba ya wuce miligiram 20 a yini, ta yara kuwa ba ta kai haka ba. Idan ya yi yawa yakan jawo tashin zuciya da amai da gudawa. Mai ciki, da mai goyo, da mai ciwon ƙoda, kada su sha sai da izinin likita.

A ganina, kuɗin kwalba ɗaya gara a kai shi kasuwa. Akwai boron a gyaɗa da wake da dabino da busasshen inabi da tuffa. Wadda ke dafa wake da shinkafa, tana ba yara ƙuliƙuli, ta riga ta fara samu ba tare da ta sani ba.

Sai jan kunne. Akwai wani farin gari mai suna boraks, da ɗan'uwansa da ake kashe kyankyasai da tururuwa da shi. Suna ɗauke da boron, amma guba ne. A 2023 wasu sun riƙa nuna kansu a TikTok suna jiƙa boraks a ruwa suna sha wai don lafiya, har likitoci suka fito suka yi gargaɗi. Idan akwai irinsa a ɗakinki, ki rufe shi ki ɗora a sama, nesa da gishiri da sukari, don yaro ba ya bambance su. In kuwa ya lasa, a garzaya da shi asibiti, a tafi da kwalin.