Gonar da Ba a Nomawa, Amma Tana Kawo Kuɗi

A gundumar Cimarron, can ƙurewar yammacin jihar Oklahoma ta Amurka, akwai gonakin da suka shekara goma cur ba su ga garma ba. Ba shuka, ba girbi, sai ciyawa iya ganinka. Amma duk watan Oktoba kuɗi na faɗawa asusun masu su daga gwamnatin tarayya. To, ladan me ake biya?

Na san abin da ya fara zo maka: arzikin ƙarƙashin ƙasa. Ba laifi, yankin na da iskar gas. Sai dai kuɗin gas kamfani ke biyansa, wannan kuwa daga Ma'aikatar Aikin Gona yake fitowa. Sake lale.

Ko diyyar fari ce? Ruwan sama na yi musu rowa, gaskiya. Amma diyya sai an tafka asara, su kuwa ko damina ta yi albarka sai an biya su. Ko sayen ƙuri'a ne? Haba! Mutanen gundumar kaf ba su kai 3,000 ba.

Mai wayo zai ce ana rage noman alkama ne don farashi ya tashi. Ka kusa, akwai wannan a lissafin. Amma da shi ke nan, ai kowace gona ta yi, kuma ba ruwan kowa da abin da ya tsiro a cikinta. Nan kuwa sai jami'ai sun tantance gonar, su gindaya sharaɗin shuka ciyawa, har su biya rabin kuɗin shukar. Wanda ya sa garma kafin wa'adi, sai ya amayar da abin da ya karɓa, haɗe da kuɗin ruwa. Ke nan ciyawar ake so. Gadin me ciyawa ke yi?

Mu koma 14 ga Afrilu, 1935. Ranar Lahadi. Gari ya waye tangaran. Can da yamma wani baƙin abu ya taso daga arewa. Ba hadari ba ne. Ba hayaƙi ba ne. Gonakin mutane ne suka tashi sama.

Ashe ɓarawon iska ce.

Kafin zuwan manoma, gajeriyar ciyawa ce ta lulluɓe wannan fili, saiwoyinta sun saƙe ƙasa kamar tabarma. A shekarun 1920 tarakta ta kifar da ita don a shuka alkama. Da fari ya sauka a shekarun 1930, alkama ta ƙone, ƙasa ta zauna tsirara, iska ta yi ta ɗiba. A garin Boise City, hedikwatar gundumar, mata na rataya jiƙaƙƙen zanen gado a taga, duk da haka a wayi gari ƙura ta kwanta a kwanon abinci, ta kuma cika huhun yara. Har Washington ta kai. Kafin watan Afrilun ya ƙare aka kafa hukumar kare ƙasar noma ƙarƙashin Hugh Bennett.

Amma ɗan'adam da mantuwa! Da farashin hatsi ya tashi a shekarun 1970, aka sake afka wa filaye da garma. A 1985 Shugaba Ronald Reagan ya sa hannu a dokar da ta haifi shirin Conservation Reserve Program. Gwamnati na karɓar hayar gonar da iska ko ruwa ke saurin zaizayewa, na shekara 10 zuwa 15, ta biya gwargwadon kuɗin haya na yankin. Gona na nan ta mai ita, abin da ya sayar shi ne alkawarin barin ta saura. A 2007 filayen da ke cikin shirin sun haura eka miliyan 36.

Ba kowa ke murna ba, fa. Gonar da ba a nomawa ba ta sayen taki, ba ta kiran makanike, ba ta ɗaukar ɗan ƙwadago. Shi ya sa doka ta taƙaita abin da gunduma za ta sa a shirin zuwa kashi 25 cikin ɗari na gonakinta, don kada a ceci ƙasa a kashe kasuwar gari.